Sharhi: Man Darbejiya da Ƙwarin Tirifs a Lambun Furanni a Sakkwato

Duk mai kiwon furanni a Sakkwato ya san cewa daga tsakiyar hunturu zuwa bazara ne ganye ke fara lalacewa ba tare da an ga abin da ke cin sa ba. Sau da yawa tirifs ne, wasu ƙananan ƙwari sirara da tsawonsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, waɗanda manoman albasa suka fi kowa sanin ɓarnarsu. Na yi amfani da man darbejiya a kansu a jikin wardi da zoɓorodon ado da furen kariya, kuma hukuncina shi ne yana aiki, amma ga mai haƙuri da maimaita feshi. Wanda ke neman ya fesa yau ya ga gawar ƙwari gobe, wannan ba maganinsa ba ne.

Kafin a kashe kuɗi, a tabbatar su ne. A riƙe farar takarda a ƙarƙashin fure a ɗan buga shi da yatsa. Idan suna nan za a ga ƙananan layuka masu ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa suna gudu a kai. Ganyen da suka tsotse yakan yi zane-zane masu ƙyallin azurfa, da ɗige-ɗige baƙaƙe a bayansa, wato kashinsu. Furen wardi kuwa bakinsa ke ƙonewa tun bai buɗe ba, ko ya buɗe a murɗe.

Awon da ya yi mini daidai: mililita 5 na mai da mililita 2 na sabulun ruwa na wanke-wanke a kowace lita ɗaya ta ruwa. Famfon goyo mai lita 16 ke nan zai ci mililita 80 na mai da kimanin 30 na sabulu. A auna da sirinji, kada a yi kirdado da murfin gora. A fara kaɗa man da sabulun a cikin ɗan ruwan ɗumi har ya yi fari kamar madara, sannan a zuba a famfo a cika. Idan aka tsallake wannan, man zai taso sama, a yi ta fesa ruwa zalla, a ƙarshe ɗanyen mai ya sauka a kan shuka ɗaya ya ƙona ta. Da sanyin hunturu man kan daskare a kwalba, sai a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi tukuna. Abin da aka haɗa a yi amfani da shi a ranar, ba ya kwana.

Lokacin feshi shi ne inda akasari ake ɓata aikin. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, kuma mai a kan ganye cikin wannan rana ƙuna ce tabbas. Bayan haka, hasken rana na saurin kashe ƙarfin sinadarin da ke aiki a cikin man. Saboda haka bayan la'asar sakaliya ne lokacinsa, a kan shukar da aka riga aka ba ruwa, kuma a lokacin ƙudan zuma sun ragu. A juya bakin famfo sama a jiƙa bayan ganye da sabon toho da cikin fure, don can suke ɓuya.

Dalilin maimaitawa kuwa yana cikin yadda ƙwaron ke rayuwa. Macen na soke ganye ta saka ƙwai a cikin tsokarsa, inda feshi ba ya kai. Tsutsar ta gama ci sai ta faɗa ƙasa ta rikiɗe a can. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa babba bai fi mako biyu ba. Feshi ɗaya tsutsar da ke kan ganye kaɗai yake samu. Sai an maimaita duk kwana 5 zuwa 7, sau uku ko huɗu a jere, kafin a ga sabon ganye ya fito sumul. Ganyen da ya riga ya lalace ba ya warkewa, kada a auna nasara da shi.

Inda man ya gaza shi ne idan ƙwarin sun riga sun cika furannin da ba su buɗe ba. A nan sai a yanke su duka, a ƙulle a leda a fitar daga lambu, a share busasshen ganyen gindin tukwane. Idan abin ya ci tura, maganin da ke ɗauke da spinosad ya fi man ƙarfi nesa, a bi awon da ke jikin kwalba, kuma kada a yi ta maimaita shi kaɗai don ƙwarin na saurin sabawa da magani. Maganin cypermethrin da aka fi samu a kasuwa kuwa, yana kashe har ƙwarin da ke cinye tirifs ɗin. Warin man darbejiyar ma ba daɗi, yakan kwana a tsakar gida.

Roba shuɗiya da aka shafa wa basilin a rataye daidai tsayin shuka na kama manyan, tana kuma nuna ko suna raguwa. A rage takin yuriya a wannan lokaci, don laushin sabon toho ke jawo su. Wanda lambunsa ke kusa da fadamar albasa kuma ya fara feshi tun kafin a cire albasar, domin da an kwashe ta ƙwarin ke watsuwa neman wani koren.