Modopar ko Artane ga Inna mai ciwon Parkinson

Allah ya ba Inna lafiya, 'yar'uwa. Kin tambaya wane magani ya fi dacewa da ciwon Parkinson ɗinta, ciwon nan mai sa rawar hannu da nauyin jiki, Modopar ko Artane. A cikin biyun, ga tsohuwa mai shekara 70, Modopar za ki kama.

Mahaifinmu a nan Tawa ciwon ya kai shi ga jan ƙafa kamar an ɗaura masa dutse, hannun dama ba ya tsayawa ko a cikin salla, maɓallin riga ma sai an sa masa. Wani ɗan'uwanmu ya kawo Artane don ya fi araha. Rawar hannun ta ɗan lafa, wannan kam gaskiya ne. Amma nauyin jiki yana nan, ga bushewar baki, ciki ya ɗaure, fitsari da ƙyar, da dare kuma yana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Har yau ina cizon yatsa. Artane yakan rikita tsofaffi. Mai ƙarancin shekaru da rawa kaɗai ta dame shi, shi ake ɗan ba wa.

Da muka kai shi Yamai wurin lokotoron ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya janye Artane a hankali, ya fara masa Modopar kaɗan kaɗan. Ya ce ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo ta rage yin wani sinadari da ake kira dopamin. Levodopa da ke cikin Modopar ita ke shiga ƙwaƙwalwa ta zama dopamin, benserazid kuma yana tsare ta kada ta lalace a hanya. Ƙwayar Modopar 125 tana ɗauke da levodopa miligiram 100 da benserazid 25. Wani magani mai suna Sinemet ma aikinsu ɗaya, sai dai shi karbidopa ne ke rakiyar levodopa. Bayan 'yan makonni, wata Juma'a, Baba ya sa rigarsa da hannunsa, ya naɗa rawani, ya taka masallaci ba wanda ya riƙe shi. Mahaifiyarmu tana bakin ƙofa tana hawaye.

Modopar ba ya warkarwa, ki sani. Da farko yakan sa tashin zuciya da jiri idan an miƙe da sauri, bayan shekaru kuma ƙarfinsa kan ƙare kafin lokacin ƙwaya ta gaba, ko jiki ya dinga motsi da kansa. Nama da kilishi da fura da nono suna rage shigarsa jiki, shi ya sa muke ba Baba rabin awa kafin abinci. Kada a yanke maganin farat ɗaya, akwai haɗari. In amai ya zo kada a ba Inna maganin amai Primpéran, ƙara ciwon Parkinson yake yi. Yawan ƙwaya da lokutan sha, lokotoro ne zai tsara mata.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu yawo da magani a faranti a tasha da kasuwa. Rana ta dafa kayansu, wasu ƙwayoyin ba kwali ba ranar ƙarewa, Artane kuwa yana yawo a hannunsu don samari na sha su bugu. Mai cewa yana da sassaƙen da zai raba Inna da rawa har abada, kuɗinki yake so. Ki je farmasi da takardar lokotoro, kuma ki nemi kwali na gaba tun na hannu bai ƙare ba. Mu in ya yanke a nan, Yamai muke aikawa a sa mana a mota.