Fentin kabet ɗin kicin da ya ƙi bushewa

Launin ne ya ja ni, ruwan madara mai sheƙi irin wanda ake yayi yanzu. Fentin mai ne, wanda masu shago ke kira gulos. A kasuwar Sabon Gari ta Zariya muka saya, mai shagon kuma shi ya haɗa mu da yaron da ya yi aikin, ya ce ɗan gida ne, ya san hannunsa. Ranar da ya gama gaskiya kicin ya yi kyau, har hoto na tura wa 'yan uwa. Ya ce jibi in mayar da kayana, na mayar.

Ranar da raina ya ɓaci sosai baƙi muka yi daga Samaru, dangin maigidana. Na zo ɗaukar kula in zuba tuwo, kula ta ƙi tasowa. Na ja da ƙarfi, ta taho da fenti a gindinta, ta bar zobe a kan katakon. Na duba farantaina na tangaran, kayan ɗakina da nake ji da su tun aure, kowanne na ƙasa ya manne. Ƙofofin kuwa in an rufe sai an fizga suke buɗewa, bakinsu na ɓantarewa. 'Yata ta jingina da ɗaya tana taya ni aiki, hijabinta na Islamiyya ya ɗebo fenti, har yau bai fita ba. Garin tuwo da sukarin da ke ciki duk sun ɗauki wari, sai zubarwa. Ga baƙi a falo suna jira, ni ina tsaye ina kankare gindin kula da wuƙa.

Na kira yaron, ya ce, "Hajiya, ai damina ce, ki ƙara haƙuri, zai bushe da kansa." Ban ce duk ƙarya ya yi ba, watan Agusta a Zariya ko wanki ba ya bushewa da wuri. Na bar ƙofofi a buɗe, na kai fanka kicin duk lokacin da aka kawo wuta. Wata maƙwabciya ta ce in barbaɗa hoda, na barbaɗa, danƙon sama ya ragu amma sheƙin ya dushe, ƙasan yana nan luguf. Daga baya ma yaron ya daina ɗaukar waya.

Wani dattijon kafinta a Tudun Wada, wanda ya yi mana ƙofofin gida, shi ya warware mani abin. Yana zuwa ya danna farce a jikin fentin, farcen ya nutse. Ya ce, "'Yata, wannan ba na jira ba ne, na kankarewa ne." Ya ce da saman kawai ke kama hannu, iska da lokaci sun isa. Shi fentin mai iska ce ke busar da shi, to in aka lafta shi da kauri aka kuma bi da shafa ta biyu tun ta farko ba ta kama ba, sama sai ya yi fata ya toshe na ƙasa. Ya shinshina ragowar gwangwanin ya ce da kananzir aka sirka, ba da tina ba, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, shi kuwa kananzir ba ya tashi da wuri. Babban laifin kuma, ba a wanke kabet ɗin ba. Maiƙon suya da tururin manja na shekaru yana jikin katakon, musamman ƙofofin da ke kusa da gas, aka shafa fenti a kansa.

Baba kafinta ya cire ƙofofin gaba ɗaya ya fitar da su baranda. Ya kankare, ya goge da tina, ya hana ni kunna gas har warin ya fita. Aka wanke da omo da ruwan ɗumi, ya bushe sarai, ya bi da sanfefa mai lamba 120 sannan mai lamba 220. Ya shafa firama, wato shafar farko da ke sa fenti ya kama katako, sai fenti shafa biyu marasa kauri, awa 24 tsakaninsu. Ya ce ko ya daina kama hannu kada in ɗora kaya masu nauyi, fentin mai kan kai wata guda kafin ya yi ƙarfi sosai. Da irin fentin farkon ya yi, kuma ya fito tas, ina goge shi da tsumma ba abin da ke biyowa.

Don haka fentin kansa ba ni da ƙorafi a kansa, zan sake saye, sai dai zan jira ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba kafin ƙurar hunturu ta sauka. Amma shagon nan ba zan koma ba. Da maigidana ya je ya yi wa mai shagon bayani, cewa ya yi shi fenti ya sayar, ba aiki ba, alhali da bakinsa ya ce mu yarda da yaron. Kuɗin aiki biyu muka biya, muka sake sayen fenti da firama, ko haƙuri bai ba mu ba. Biyu daga cikin farantan nan kuma sun tsage wajen ɓamɓarewa, irinsu yanzu ko a kasuwa ban ƙara gani ba.