Gargaɗi: imel ɗin da ke cewa za a rufe maka asusun banki

Jama'a, don Allah a yi hattara. Makon jiya ƙanena da ke sana'ar albasa a Aliero ya rasa kuɗin da ya daɗe yana tarawa, har yanzu raina a ɓace yake.

Imel ne ya shigo wayarsa ɗauke da tambarin bankinsa, kala da komai ba su bar baya ba. Wai BVN ɗinsa (lambar shaidar banki) bai haɗu da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ba, in bai gyara cikin awa 24 ba za a rufe asusun. Da ma tun da Babban Bankin Najeriya ya matsa a kan waɗannan lambobi mutane ke cikin fargaba, shi ya sa ƙaryar ta samu wurin zama. Ya danna inda aka ce ya danna, shafi ya buɗe sak na banki. Ya zuba lambar katin ATM, da lambobi 3 na bayan katin, da PIN. Can OTP, wato lambar sirrin da banki ke turowa ta waya, ya shigo, ya kwafa ya saka musu. Kafin la'asar ya kira ni, murya na rawa: "Yaya, sun kwashe."

Da na karɓi wayar na taɓa sunan mai aikowa, sai adireshin gaskiya ya bayyana: na Gmail ne. Banki ba ya rubuto wa kwastoma daga Gmail. Wasu ɓarayin sun fi haka wayo, harafi ɗaya suke canzawa a sunan bankin, ko su sa sifiri a gurbin "o", wanda ido ba ya kamawa a ƙaramar waya. Kuma a imel ɗin ko sunan ƙanena ba su ambata ba.

Abin da ya fi ci mini rai OTP ne. Da wannan lambar ce banki ke tambayarka ko kai ne kake son fitar da kuɗi. Duk wanda ka miƙa wa ita, ka amsa da bakinka ke nan. Babu ma'aikacin banki da zai nemi PIN ko OTP a hannunka, ta imel ko ta kira ko ta WhatsApp.

In irin wannan saƙon ya zo, kada ka danna komai. Gara ka biya kuɗin mota zuwa reshen bankinka ka tambaya. Tun yau ka nemi lambar da ake dannawa a toshe asusu daga kowace waya, ka rubuta ka ajiye. Da ƙanena yana da ita, da wani abu ya tsira.

Mun sa an toshe katin, mun kai ƙorafi banki da wurin 'yan sanda a Birnin Kebbi, muna jira.