Makin CPD: wane kwas ne ya cancanci kuɗin likita?

Da zarar Disamba ta kawo jiki, sai ka ga likitoci na rububin neman makin CPD, wato makin ci gaba da ƙaro ilimin aiki, domin hukumar MDCN mai kula da likitoci a Najeriya na buƙatar maki 20 na ƙarin ilimi a shekara kafin ta sabunta lasisi. A wannan gaggawa ake asarar kuɗi. Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar mai shirya kwas ɗin yana cikin waɗanda MDCN ta amince da su. In ba haka ba, satifiket ɗin ado ne kawai a bango.

Taron shekara-shekara, irin na ƙungiyar likitocin iyali (SOFPON) ko ta likitoci masu zaman kansu (ANPMP, wadda a da ake kira AGPMPN), yana tara maki da yawa cikin kwana kaɗan, ga haɗuwa da manyan malamai. Amma ka yi lissafi da kyau: rajista, kuɗin mota ko jirgi, otal, sannan wanda zai riƙe maka asibiti. Ga mai asibitin kansa a Funtuwa ko Azare, wannan na ƙarshen ya fi ciwo.

Ni dai na fi karkata ga zaman mako-mako na asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika. Kusan kyauta ne, kuma marasa lafiyar da ake tattaunawa a kansu namu ne. Dattijo mai ciwon suga da ya ce sai ya yi azumi, yaya za a sauya masa lokacin shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki? Hajiya mai hawan jini da ke ajiye ƙwaya da zarar ciwon kai ya lafa, me za a ce mata? Uwar da ke ɗari-ɗari da allurar HPV ta rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata a Najeriya a Oktoban 2023, ta ina za a ɓullo mata? Matsalar wannan zaman ita ce nisa, kuma ba kowane zama ke da maki ba, sai ka tambaya.

Kwasa-kwasan intanet sun dace da likitan da ke ƙauye shi kaɗai. Na Hukumar Lafiya ta Duniya kyauta ne, kuma tsarinta na HEARTS kan hawan jini an gina shi ne don ƙananan asibitoci. Dandalin intanet na BMJ Learning na da inganci, sai dai da kuɗin waje ake biya, kuma sau da yawa maganin da zai ambata babu shi a kemis ɗin unguwarku.

Walimar kamfanonin magani kuwa, ci kazarka, ka saurara da kunne ɗaya. Lacca kan rage gishiri ba ta sayar musu da komai.

Wanda ke son abin da ya wuce maki, ya duba difloma a fannin likitancin iyali ta NPMCN, kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas. Tana cin lokaci da kuɗi, don haka a fara shawara da maigidan wurin aiki kan ranakun hutu.