Halowin ta Amurka ko Karnabal na Jamus, wanne ya fi dacewa da ƙananan yara?

Maman biyu kin ce aiki ya dawo da ku birnin Kolon na Jamus daga Amurka, kina tambaya ko yara za su samu Halowin irin wadda suka saba ko ki adana kuɗin kayan shigar bikin sai Karnabal. To ni dai na ga duka biyun, kuma shawarata ki adana.

Ta Amurka kin san ta, 31 ga Oktoba da yamma yara su ɗau bokiti su bi gida-gida, duk gidan da ya kunna fitilar ƙofa akwai alewa, kamar tashe dai amma ba ganga ba waƙa. A nan kuwa ba ta kama ƙasa sosai ba, sau ɗaya na kai nawa, gida bakwai muka danna ƙararrawa biyu suka buɗe, wata tsohuwa ta rasa abin bayarwa ta miƙo musu tuffa ɗaya wai su raba. Ga duhu ga ƙwarangwal ga jinin ƙarya, autana ranar a gadonmu ya kwana.

Karnabal, bikin shigar ban dariya da fareti a titi, shi ne nasu na gado. Ana buɗe shi 11 ga Nuwamba ƙarfe 11:11, amma ainihin shagalin sai Fabrairu ko farkon Maris don yana bin lissafin Ista ne. Da rana ake yi, shigar ma ba ta ban tsoro ba ce, zaki ne, ƙudan zuma ne, ɗan kwana-kwana ne, har malaman makarantar renon yara sai kin gan su da jan hanci. Kuma ba ku za ku bi alewa ba, ita za ta zo ta same ku, ku tsaya bakin titi yara su yi ta ihun "Kamelle", wato alewa, ana watso ta daga kan motoci. Gaisuwar bikin a Kolon "Alaaf" ake cewa, kar bakinki ya suɓuce ki ce "Helau", wannan na 'yan Düsseldorf ne, za ki sha harara.

Inda Halowin ta fi shi, awa ɗaya kun gama kun dawo gida. Faretin Litinin, wato Rosenmontag, wuni ne guda ga cinkoso, da keken jariri wallahi wahala ce. Ki kai su na Lahadi na makarantu da unguwanni, ko ɗan ƙaramin na unguwarku. Ranar Alhamis ɗin da ke kafin faretin kuma kar ki kuskura ki shiga tsakiyar gari da yara, tun safe ake giya.

Kayan ki sayo masu ɗan girma yadda za su hau kan rigar sanyi, ni na farko daidai jiki na saya, gimbiyata ta wuni cikin jaket ba wanda ya ga rigar.

Aikin da ba ya canzawa ko can ko nan shi ne tace alewa in an dawo. Masu danƙon nan yawanci da jelatin alade ake yinsu, Haribo ma sai mai tambarin halal da ake yi a Turkiyya, cakulan kuma ki duba don wasu da giya a ciki. Ni nakan ajiye tawa a gida in musanya musu, in ba haka ba kuka ne har isha'i.