GARGAƊI: Mai sayar da "ginshiƙan Girka" a Facebook ya cinye mana naira miliyan 2 da dubu 400

Wallahi yau kwana tara ban yi barcin kirki ba. Miliyan 2 da dubu 400. Kuma ba kuɗina ba ne, na Yayana ne da yake gini ya damƙa min amanar aikin, yana cewa ai ni na karanta zanen gine-gine. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Kada wani ya zo yana ce min ban yi bincike ba. Na yi. Ginshiƙai shida Yaya yake so a gaban gidan, irin na Ayonik, masu kai a murɗe kamar ƙahon rago. Da na ga tallar mutumin sai na gwada shi da gangan, na ce masa ina son su miƙe sak daga ƙasa har sama. Ya yi dariya ya ce, "Haba Injiniya, ai Girkawa ba sa yin ginshiƙi sak, sai sun ɗan kumbura shi kaɗan a jiki don kada ido ya ga kamar ya rame." Jama'a, wannan gaskiya ce. Haka ginshiƙan Fartenon suke a Atina, babban birnin Girka, haikalin da aka soma ginawa a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin Ferikilis, jagoran Atina na lokacin. Ni sai da na kai aji biyu a karatun zanen gine-gine na san wannan. Nan take zuciyata ta kwanta. Har yau wannan dariyar tasa nake ji a kunnena. "Haba Injiniya." Da ita ya saye ni.

Kuma bai tsaya nan ba. Ya san tsagin da ke jikin ginshiƙin Dorik, wato salon Girka mai kai marar ado, 20 ne, na Ayonik 24. Ya san Fartenon na da ginshiƙai 8 a gaba, 17 a gefe, kuma Dorik ne. Ya ce kayansa mabul ne na dutsen Fenteli da ke kusa da Atina, wanda ke komawa ruwan zuma idan ya daɗe saboda ɗan ƙarfen da ke cikinsa. Shi ma haka yake. To ku faɗa min, wa zai yi zaton ɗan damfara ya zauna ya haddace wannan duka?

Na tura miliyan 1 da rabi kafin alƙalami. A'a, kafin nan ma na tura dubu 100, wai na samfur, samfurin da bai taɓa zuwa ba, ya ce direba ya fasa shi a hanya. Sai bayan Sallah ya kira wai kwantena ta iso Legas, ana buƙatar dubu 800 na fito da kaya. Ko kafin Sallah ne ma, zan duba. Na tura. Miliyan 2 da dubu 400 ke nan cif.

Kaya sun zo fa. Guda biyu, maimakon shida. Yaro ɗaya ya sauke su daga mota, shi kaɗai, a kafaɗa. Mabul a kafaɗar yaro! Na ƙwanƙwasa, ciki fayau kamar ganga. Fi-o-fi (POP, irin na silin) ne aka shafa wa fenti mai ƙyalli, kan ma ba Ayonik ba ne, wasu ganyayyaki ne aka liƙa a karkace, wai salon Korintiya. Birkilan da ke wurin bai ce komai ba, sai ya juya baya, na ga kafaɗunsa na rawa. Gara ma da ya yi dariyar a fili.

Hoton "shagonsa" da ya turo min kuwa, daga baya ƙanwata ta gano hoton baranda ce ta wani gidan tarihi a Atina. Ina da shi. Ina da rasit na banki guda uku, ina da saƙonnin muryarsa har da na "Haba Injiniya". Zan ɗora su duka da zarar na gama da ofishin 'yan sanda. Ya toshe lambata ranar Talata, shafin kuma ya canza suna, yanzu tayil yake talla.

Yaya har yanzu bai san adadin ba, dubu 800 kawai na iya faɗa masa.

Kada ku tura ko sisi sai kun je kun ɗaga kayan da hannunku. In ya ɗagu, ku gudu.