Tukwane biyu da rairayi sun fi min firigon solan da na saya

Innarmu na da ciwon suga, safe da yamma take allurar insulin, kuma kun san maganin nan ba ya shiri da zafi, ko a farmasi daga cikin sanyi ake ciro maka shi. Shi ya sa bara na daure na sayi ƙaramin firigo da panno da batiri wajen wani mai shago can wajen Kasuwar Dole, ya rantse min zai kwana yana aiki ko kuran bai zo ba. Wata huɗu ya yi. Tsakiyar Afirilu, lokacin da ko bango ba ka iya jingina da shi, na buɗe da asuba na tarar da cikinsa ɗumi kamar an sauke tuwo, kwalba uku na Inna a ciki! Wallahi ranar hannuna rawa yake. Na koma wajen mutumin ya ce wai ni na kashe batirin, ko haƙuri bai ba ni ba.

Majon da ke duba Inna shi ya ce in riƙa sayen kwalba ɗai-ɗai, wadda aka fara amfani da ita tana kai kamar sati huɗu in ba ta sha zafi ba, in nemi tukunya cikin tukunya in ajiye. Na sa aka kawo min daga Mirriya, babba da ƙarama, kuɗinsu bai kai na wayar da aka ɗaura wa panno ba. Ka zuba rairayi tsakaninsu ka jiƙa shi sharkaf, ka rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, ka aje a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, bushewar nan ita ke tafiya da zafin, kamar dai yadda gumi ke sanyaya jiki. Da azahar na sa hannu ciki na ji sanyi, sai da na kira matata ta zo ta taɓa.

Abin da ya ƙara burge ni, ashe ɗan arewacin Najeriya ne ya yaɗa ta, Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa ɗan gidan magina tukwane, har Rolex suka ba shi kyauta a 2000. Randar sanyi kakanninmu sun san ta tun fil azal, shi dubawa ya yi ya ƙara tukunya ta biyu da rairayi don yalo da tumatirin manoma su daina ruɓewa. Ita kuma insulin ɗin a Toronto ta Kanada Banting da Best suka fitar da ita a 1921, yau ga ta kwance cikin yumɓun Mirriya lafiya lau.

Amma fa kada in yi ta yabo, tana da nata. Sau biyu a rana take son ruwa, ran zafi sosai sau uku, a Damagaram kuwa da famfo kan yi kwanaki shiru kana sayen jarka wajen 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ran da muka je suna Magariya aka manta ba a jiƙa ba, na dawo rairayin ya bushe ƙayau, hankalina ya sake tashi. Sannan da damina ta zauna a Agusta iska ta yi laima, sanyinta ya ragu sosai don ruwan ba ya bushewa. Kuma ba ta yin irin sanyin firigo, sabuwar kwalbar da ba a buɗe ba ban yarda in jibge ta ciki ba.

Duk da haka ita nake amfani da ita har yau. Firigon yana zaure an ɗora masa tabarmi, kuma har yanzu ban gama biyan bashin da na ci na saye shi ba, in na tuna sai raina ya ɓaci.